Dutsen Gangamau a Tsakiyar Hanya

Da tafin ƙafarta Rutineg ta gane dutsen, tun idonta bai kai kansa ba. Tafe take da hantsi, riƙe da kwandon dafaffiyar gwaza za ta kai wa Yilbuw, ɗan wanta marigayi, sai ta ji diddigenta ya zurma cikin wani ɗan kwarmi mai santsi a tsakiyar sabuwar hanya. Ta tsaya cak, ta sunkuya. Baƙin dutse ne mai faɗi, a gefensa akwai rami kamar cikin ƙoƙo, ramin ya rine da gangamau har ruwan sama ya gaza wanke shi. A cikin ramin nan uwarta ta yi ta niƙa gangamau har ta tsufa. Kusa da shi ga wani dogo an kwantar da shi rigingine, shi ne wanda ubanta ke jingina bayansa da yamma. Ta janye ƙafar kamar ta taka garwashi, ta sauka daga hanyar ta shiga laka, ta ƙarasa tafiyar a cikinta.

Hanyar dutse ba baƙuwarmu ba ce a nan tsibirin Yap. Tun ba mu san da Bature a duniya ba kakanninmu suka shimfiɗa ta daga ƙauye zuwa ƙauye, hannu na miƙa wa hannu dutse tun daga bakin teku. A zuba farfasassun duwatsun teku a ƙasa su tsane ruwa, a kafa na tsaye gefe da gefe su riƙe, sannan a ɗora masu faɗi a sama. Siririya suka yi ta, ta mutum ɗaya, kuma da gangan ba su daidaita ta ba, don mai tafiya ya dubi gabansa maimakon leƙen gidajen mutane. Kowane gida da yankin da yake sharewa yana gyarawa. Haka aka zauna har ranar da Baturen da ke mulkin tsibirin ya sauke keken doki daga jirgi, ya duba ya ga ba inda zai tuƙa shi. Shi ke nan fa, sai umarni. A faɗaɗa hanya, kowane gida ya yi nasa, gidan da ya kasa kuma ya ba da namiji a sa shi a jirgi zuwa tsibirin da ake haƙar farar ƙasa. Kowa ya san tsibirin nan. Masu dawowa daga can kaɗan ne, su ma da tari suke dawowa.

To, gidan su Yilbuw namiji ɗaya ya rage, shi ne Yilbuw. Ciwon da ya share rabin ƙauyen ya kwashe uwarsa da ƙannensa a damina guda, uban ya bi bayansu. Rutineg, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita ta raine shi har ya zama saurayi. Ga shi yankinsu ya faɗo daidai fadamar gwaza, inda laka ke haɗiye duk abin da aka ba ta. Ya yi ta jidar dutse daga teku har fatar kafaɗunsa ta saɓule, ya zuba yau, gobe ya tarar babu. Sauran gidaje kuwa kowa ta kansa yake yi.

Duk ta san wannan, amma sanin bai sanyaya mata zuciya ba. Dandamalin dutsen da gida ke zaune a kansa ba na mai gidan ba ne, kakanni ne ke zaune a cikinsa. Daga cikinsa ake ciro sunan da ake raɗa wa yaro, sunan kuwa shi ke riƙe da gona, da itatuwa, da wurin kamun kifi, da bakin magana a taron gari. Yanzu ga yaro ya ɓamɓare gefen dandamalin ya shimfiɗa wa duniya tana takawa.

Ta tarar da shi zaune a kan abin da ya rage, yana shafa man kwakwa a kafaɗa. Kusurwar gabas ta zama wawulo, ɗakin ma ya ɗan karkace.

"Gwaggo, kin sha laka har gwiwa," in ji shi. "Ga hanya an yi miki, me ya kai ki fadama?"

"Hanya ka kira ta? Uwata ka shimfiɗa a ƙasa, sannan ka ce in taka."

Ya sunkuyar da kai. "Duk dutsen da na kawo laka ta cinye shi. Waɗannan ne kaɗai suka isa faɗin da za su zauna a kan itacen da na jera a ƙasa. Jibi Bature zai zo dubawa."

"Wa ka tambaya?"

"Wa gare ni da zan tambaya? Nan na zauna na gaya wa kakanni. Na ce ko su ba ni duwatsun, ko su rasa mai share musu gida. Ba wanda ya ce a'a."

"Ji ɗan banza. Matattun ne suka zama abokan wasanka?"

"Gwaggo, in aka sa ni a jirgi, wa zai zauna a kan dandamalin? Ɓeraye?"

Gaskiya ya faɗa, wannan ne kuma ya fi ƙona mata rai. Ta dire kwandon a ƙasa maimakon ta miƙa masa a hannu kamar kullum, ta juya ta koma ta cikin lakar da ta biyo.

Bature ya zo a ranar da ya ce. Keken dokinsa ya bi ta kan fadama bai ko girgiza ba, har ya sauka ya bubbuga dutsen da ƙafa, ya sa tafinta ya gaya wa jama'a cewa a duk ƙauyen ba yankin da ya kai wannan. Yilbuw ya tsira daga jirgi. Amma daga ranar magana ta tashi. Mata suka daina bin wurin, sai su tattare su shiga laka suna ƙunƙuni. Jaririn wata mata ya yi zazzaɓi, aka ce kakanni ne suka gaji da takawa. Kazar wani ta mutu, ita ma aka jingina ta da su.

Sai ga Gurtamag, mai gari, ya zo har gidan da Rutineg ke zaune tun rasuwar mijinta. Ya zauna, ya buɗe kwandonsa, ya fasa buw, goron taunawarmu, ya barbaɗa masa toka ya naɗe da ganye, duk a hankali kamar ba abin da ya kawo shi.

"'Yar'uwa, surutu ya yi yawa," in ji shi. "Ke ce gwaggo, ke kaɗai ke da ikon sunan gidan nan. In kin yi shiru, shirun naki za a ci gaba da gani."

"Shi kaɗai ya rage mini, Gurtamag."

"Wa ya ce ki kore shi? Ki dai cire sunan ya ji iska a jikinsa. Ya kawo kifi da buw ya durƙusa, ki ja masa rai kaɗan, ki mayar masa. Jama'a su ga an yi hukunci, kakanni su huce, hanya ta zauna inda take. Ba haka aka yi wa ubansa ba, lokacin da ya sare kwakwar kakarku don ya burge 'yan mata?"

Dariya ta suɓuce mata ba ta shirya ba. Ta tuna wanta durƙushe da ƙaton kifi a hannu, yana kukan ƙarya yana satar kallon tukunya. Ba a yi mako ba aka mayar masa da sunansa, har ya mutu kuma ana tsokanarsa da labarin. Ta ce a ranta ai abin ba wani abu ba ne, jan kunne ne.

Abin da Gurtamag bai gaya mata ba shi ne ya riga ya ji daga bakin tafinta cewa jirgin na nan tafe, kuma wannan karon ba ruwansa da wanda ya gama hanya da wanda bai gama ba, kowane ƙauye sai ya ba da mutum. Shi kuma yana da ɗa, tsaran Yilbuw. Ban ce ya zauna ya ƙulla abin tun daga farko ba. Amma ya sani, ya tauna buw ɗinsa, ya yi shiru, ni kuwa har gobe ban ga abin da ya raba wannan da mugunta ba.

Aka tara dattawa a gaban rusasshiyar kusurwar. Rutineg ta tsaya, ta ci magani.

"Sunan Yilbuw na dandamalin nan ne," in ji ta. "Na karɓe shi, na mayar da shi inda ya fito. Daga yau kada ka amsa shi, ko wane ne ya kira ka da shi."

Saurayin ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a fuskarsa, sai wani irin mamaki, irin na yaron da aka mara bai san dalili ba.

"Ko ke ce, Gwaggo?"

"Ko ni ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwandonsa na hannu, ya bar gizago da komar kamun kifi da komai, don duk na gidan ne, ya nufi ɗakin samari da ke bakin teku, inda marar wurin kwana ke raɓewa. Ta bi bayansa da kallo, tana jin kamar ta kira shi ta ce ya ɗauki ko tabarma. Ta daure, don dattawa na kallonta.

Daga nan ta shiga jira. Ta haƙo sabon gangamau ta shanya, wanda za ta shafa masa a goshi da kafaɗu ranar mayar da suna. Ta shirya har kalaman da za ta faɗa. Zuwan farko za ta kau da kai ta ce kifin ya yi ƙanƙanta, zuwa na biyu ta ce buw ɗin ɗanye ne, sai a na uku ta karɓa. Kullum da safe ta share ƙofar gida ta zauna tana duban hanya. Duk motsin da ta ji sai ta gyara zama ta haɗe fuska, sai ta ga alade ne ko wata mai tallar kaguwa. Kwanaki suka yi ta wucewa. Da farko ta ce taurin kai ne irin na ubansa. Daga baya abinci ya daina shiga cikinta, amma ta ƙi aikawa a tambaya, don gwaggo ba ta bin wanda ta cire wa suna, shi ke biyo ta.

Tana cikin niƙa gangamau a kan wani aron dutse wata safiya, sai ga Leebay, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta shigo tana haki, ko sallama babu.

"Ke kina nan kina kwalliya," in ji Leebay. "Tashi. Jirgi ya shigo tun asuba, an ce kowane ƙauye mutum ɗaya."

"Ai ya gama hanyarsa. Bature da bakinsa ya yaba."

"Wa ke maganar hanya? An zauna taro, kowane gida ya buɗe baki ya kare nasa. Wannan ya ce ɗansa ke riƙe da tarun kamun kifin gari, wancan ya ce nasa ke rufin ɗakin taro. Da aka zo kan yaronki aka yi tsit. Ba suna, ba gida, wa zai yi magana? Gurtamag ya ce to, ga wanda ba a haɗa shi da kowa ba."

Dutsen niƙan ya suɓuce daga hannunta. "Me ya hana shi zuwa? Ina nan zaune ina jiransa, Leebay. Kifi ɗaya kawai zai kawo."

"Kifin wa? Ke fa kika karɓe wurin kamun kifin da sunan. Buw ɗin wace bishiya zai tsinko, ya zama ɓarawo a kan rashin suna? Ubansa da aka yi wa haka yana da ƙanne da suka shiga ruwa suka kamo masa. Shi wa gare shi? Na gan shi shekaranjiya yana bin masu kwalekwale yana roƙon su ara masa kifi, kowa na kau da kai don tsoron kakanninku."

Rutineg ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi. Ita da ta san al'adar nan ciki da bai, ba ta taɓa tsayawa ta tuna cewa an yi ta ne lokacin da gidaje ke cike da mutane ba. Ta damƙi gangamau a hannu, ta fita ko ƙofa ba ta ja ba.

Tsohuwa ce, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, amma ta yi ta maza. Da ta iso fadama, ƙafarta da kanta ta sauka daga hanya ta shiga laka, yadda ta saba tun ranar da ta gane dutsen. An sha ruwa kwanakin nan, lakar ta kai mata cinya. Ta zaro wannan ƙafa, waccan ta nutse. Fatarin ciyawar da ke ƙugunta ya jiƙe ya yi nauyi yana janta baya. Ga hanya nan a gefenta, busasshiya, shimfiɗaɗɗiya, hannu ma ya isa ya taɓa ta. Ta kau da kai ta ci gaba da kokawa da taɓo.

Sai jirgin ya yi kuka daga bakin teku, doguwar ƙara mai kauri.

Ta tsaya. Ta dubi dutsen uwarta. "Inna, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. Ta dafa gefen hanyar ta ja jikinta ta hau. Ta taka ramin gangamau, ta taka dutsen da ubanta ke jingina, ta taka sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta san shi ta san inda yake a da. Ba abin da ya faru. Ƙasa ba ta tsage ba, ba wanda ya riƙe mata ƙafa. Ta bar sawun laka a kansu ta wuce da gudu, kuma tunda take ba ta taɓa gudu a hanya mai daɗin takawa irin wannan ba. Hawaye suka ɓalle mata, don abin da ta kori yaron a kansa, ga shi ita ma ta yi, kuma ta yi shi a makare.

A bakin teku ta ratsa ta gaban ɗakin samari, inda mace ba ta bi, ba wanda ya iya tare ta. Jama'a na tsaye cirko-cirko. Kwalekwalen da ke kai mutane jirgi ya riga ya bar gaɓa, amma bai yi nisa ba, murya za ta kai. Ta hango shi a zaune ya ba gari baya. Da tabon kafaɗunsa ta gane shi.

"Yilbuw!"

Matuƙan suka waiwayo. Samarin wasu ƙauyuka da ke ciki su ma suka waiwayo. Shi kaɗai bai juyo ba. Ta ga bayansa ya motsa, ta ga ya dafe gefen kwalekwalen da hannu biyu, ta tabbata ya ji. Ta shiga ruwa har ƙugu tana ɗaga hannun da ke riƙe da gangamau.

"Yilbuw, na mayar maka. Ka ji ni? Na mayar maka da shi. Ka amsa."

"Ba a mayar da suna a kan ruwa, 'yar'uwa," in ji Gurtamag daga bayanta, a hankali, kamar mai ba da shawara. "Sai a kan dandamali, gaban dattawa. Yaron ya sani, ke kika koya masa."

Ba ta ko dube shi ba. Ta yi ta kiran sunan har muryarta ta dishe, kwalekwalen na ƙara ƙanƙancewa. Igiyar ruwa ta bugi hannunta, gangamau ya narke ya bi tsakanin yatsunta. Sai da kwalekwalen ya kai gindin jirgi sannan ta tuna ba ta taɓa hana shi amsa "ɗana" ba. Ta tattara abin da ya rage mata na murya ta kira shi da haka. Iska ke busowa daga teku a lokacin, ko mutanen da ke tsaye a gaɓa ba duka suka ji ta ba.

Leebay ce ta shigo ruwan ta janyo ta. Suka koma a hankali. Da suka iso fadama Leebay ta fara tattare fatarinta za ta shiga laka, Rutineg kuwa ta miƙe ta bi ta kan duwatsun, ta tsaya a kan na uwarta ta daɗe tana kallon sawun da ta bari ɗazu, ya riga ya bushe.

Washegari ta kwashe 'yan tarkacenta ta koma karkataccen ɗakin wanta. Kowane gida da yankin hanyar da yake sharewa, gidan nan kuwa ba wanda ya rage ya share nasa sai ita. Kullum da safe sai ta ɗauki tsintsiyar kwakwa ta sauka fadama, ta share ganye, ta cire ciyawar da ke fitowa tsakanin duwatsu, ta tsane ruwan da ya kwanta a ramin gangamau da tafin hannunta. In keken Bature ya taho sai ta matsa gefe ya wuce. In jirgi ya yi kuka ta ajiye tsintsiya ta tafi bakin teku, ta tsaya har a gama sauke mutane, ta dawo ta ɗauki tsintsiyarta.

Sauran yankunan hanyar duk sai da damina ta ci su, aka yi ta gyara ana sakewa. Na fadama bai nutse ko da yatsa ɗaya ba har Rutineg ta mutu. Sunan yana nan a cikin rabin dandamalin da ya rage, inda ta mayar da shi, ba wanda ya zo ya karɓa.